Sarki Nomau da Fuskar Aro

A wani zamani mai tsawo, tun aljanu suna zaune kusa da mutane har akan jiyo ƙarar dakansu da rana tsaka, an yi wani sarki a Birnin Tankarau ana ce masa Nomau. Mulkinsa ya kama tun daga bakin babban kogi na kudu har zuwa inda ƙasa take komawa rairayi, kuma duk faɗin nan babu ko taƙi ɗaya da ya gada. Da takobi ya tara shi, gari bayan gari. Ubansa mai jakai ne, gishiri yake kaiwa kasuwanni. Shi kuwa Nomau, a faɗi gaskiya, ba kyakkyawa ba ne. Gajere ne mai kauri, agana ta bar masa zanzana a duk fuska tun yana goye, kunnensa na hagu kuma rabi ne, mashi ya tafi da sauran.

Amma wannan bai dame shi ba, domin al'adar Tankarau ita ce ba a ganin fuskar sarki. Ranar da aka naɗa shi aka ja masa amawali har ƙasan ido, kuma duk wanda ya shigo fada ƙasa yake kallo har ya fita. Ko magana ce sarki ba ya ɗaga murya, sai ya yi ƙasa-ƙasa, Waziri ya maimaita wa jama'a.

Abin da ya dame shi dabam ne. Garuruwan da ya ci suna durƙusa masa da gwiwa, amma ba da zuciya ba. Da zarar an gama girbi sai a ji wannan gari ya yi tawaye, kafin a kwantar da shi wancan ya tashi, kuma ko'ina tambayar ɗaya ce, wai wane ne kakansa a cikin sarakuna. Nomau ya hau doki ya sauka, ya hau ya sauka, har gemunsa ya yi fari, bayansa ya riƙe, sai an kama shi yake miƙewa daga sallah. Bawan Allah ya gaji. Ba ya son ƙarin ƙasa, ba ya son ganima, so yake ya kwanta a inuwa ya miƙe ƙafa ba tare da an zo an ce masa wani gari ya kama da wuta ba.

Wata rana Wazirinsa, wani dogo mai taushin murya da ake kira Dambo, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Allah ya ja zamanin Zaki, ya ƙara wa Toron Giwa lafiya. Takobi yana tsoratar da wanda yake kusa da shi ne kawai, in an mayar da shi kube sai a manta. Talaka kuwa abin da idonsa yake gani kullum shi yake bi. A ba da umarni a gina bango a ƙofar kowane gari, a fitar da siffar sarki a jikinsa, sarakunan dā suna tsaye a bayansa suna miƙa masa sandar mulki da hannunsu. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba zai tambayi kakan kowa ba.”

Aka kira Sarkin Magina, wani dattijo mai suna Cindo, wanda shi ya yi zanen sorayen fada duka. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, “Ranka ya daɗe, ginawa ba wuya. Amma ƙasa ƙasa ce. Duk bangon da ba a sake yi masa yaɓe kafin damina ba, ruwa zai cinye shi. Mutanen da ba sa son mutum ba sai sun ɗauki gatari ba, hannu kawai za su naɗe, su bar wa sama aikin.”

Sai aka tuna da Uwar Suri, aljanar da take mulkin gara, wadda gidanta wani suri ne mai tsawon rimi a tsakiyar dajin da maharba ba sa shiga. An ce ƙasar surinta ba ta jin ruwa, ba ta jin gatari, kuma ba ta karɓar ɗan aike. Dole Nomau ya sake sa a ɗaura masa sirdi. Ya ratsa fadamar da take haɗiye doki har wuya, ya ratsa sarƙaƙiyar da ta yayyaga masa alkyabba, ya bar dogaransa a bakin dajin domin dawakinsu sun ƙi gaba, ya ƙarasa da ƙafa yana dafa itatuwa. Ya iso rana tana tsaka, inuwar kowane abu ta shige ƙarƙashinsa. Surin ya tsage, wata tsohuwa ta fito, jikinta ja wur kamar tukunyar da aka ciro daga wuta, gara tana hawa da sauka a kitsonta.

Ta ce, “Ɗan mai gishiri, na san abin da ya kawo ka. Zan ba ka ƙasa, ba na son raƙumi ba na son bawa. Amma ƙasata ba ta kwaɓuwa sai da gumin mai ita, kai za ka taka ta da ƙafarka. Kuma ka sani, abin da ka zuba mata ta riƙe ke nan. Wace fuska za ka sa mata?”

Ya ce, “Fuskar sarki.”

Ta dube shi, ta yi wata 'yar dariya, ta ce, “To.” Ta koma cikin surinta.

Gara da kanta ta yi jigilar ƙasar zuwa Tankarau. Aka kewaye fili da zana don kada a ga sarki, ya tuɓe ya shiga kwaɓi, yana takawa gumi yana zuba, har ƙasar ta yi laushi kamar man shanu. Da ya fito sai ya ji jikinsa sakayau, kamar an sauke masa kaya. Ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Da aka zo fitar da fuska, Cindo ya roƙi a ɗan sassauta amawali ya duba. Waziri ya daka masa tsawa. Ya ce, “Zanzana za ka zana wa duniya? Rabin kunne za ka kafa a ƙofar gari? Kai tsoho, ana neman abin da za a ji tsoro, kana neman abin da yara za su yi wa waƙa!” Nomau yana ji daga bayan amawali, abin ya sosa masa rai, amma bai hana ba, domin shi ma a ransa ba ya son a gani.

Saboda haka Cindo ya shiga gari yana aro. Ya ɗauko hanci a wurin wani makiyayi, ya ɗauko wuya da ƙirji a wurin wani ɗan kokawa, gemu na wani limami ne, idanu kuwa na wata mai sayar da nono. Ya haɗa su ya fitar da wani mutum wanda uwa ba ta taɓa haifa ba, dogo sambal, ƙafarsa ɗaya a kan wuyan zaki, garuruwan da aka ci an mai da su 'yan mutane ƙanana suna miƙo ƙwarya suna murmushi, sarakunan dā kuma, waɗanda Nomau ya kori jikokinsu, suna tsaye a baya suna miƙa masa sanda kamar da ma shi suke jira. Aka shafe da makuba, aka goge har yana ƙyalli. Aka yi babba a ƙofar fada, aka yi irinsa a ƙofar kowane gari.

Abin kuwa ya ci. Duk wanda ya zo wucewa sai kwarjini ya kama shi, ya tuɓe takalmi. Damina ta zo ta wuce, ko ƙwarzane. Tawaye ya mutu. Nomau ya samu inuwar da yake nema, ya kwanta, ya yi barci har ya gode Allah.

Sannu a hankali sai fada ta fara yin shiru. Masu ƙara suka daina shigowa, sai su tsaya a gaban bango su faɗi kukansu, Waziri ya kara kunne a jikin ƙasar, ya juyo ya ce ga abin da sarki ya yanke. Hakimai su zo su yi gaisuwa a waje su juya. Abin da Nomau bai gane ba shi ne, kwarjininsa ne ya bi gumi ya shige ƙasar nan. Ya zauna a kan karaga cikin rawani da alkyabba, daga shi sai ƙudaje.

Ran nan kaɗaici ya ishe shi, ya ce bari ya je ya ga wannan sarki da ake ta gaisarwa. Ya tuɓe rawani, ya sa wata tsohuwar taguwa ta mai ba dawaki ciyawa, ya fita ta ƙofar baya da hantsi. Ya zagayo ya tsaya cikin jama'a, ya ɗaga kai. Wallahi shi kansa saura kaɗan ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo, yana neman ko abu ɗaya nasa a jikin mutumin nan, bai samu ba. Da ya gaji ya koma ƙofar baya, ya tarar an sa sakata. Sai ya nufi babbar ƙofa zai shige.

Wani dogari ya tare shi da sanda. “Kai baba, ina zuwa? Gidan gyatumarka ne?”

Nomau ya ce, “Kauce. Ni ne sarki.”

Dogaran suka dubi juna, suka fashe da dariya har ɗaya yana riƙe ciki. “Jama'a ku zo ku ga sarki! Baba, ɗaga kanka ka dubi bangon can. Ka ga hancin? To shafa naka.” Wani ya ce, “Wa ya cinye maka kunne, ranka ya daɗe, ɓera?” Nomau ya kira su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunayen iyayensu, suka ce lallai mahaukacin nan ya daɗe yana laɓe a bakin fada. Shekara da shekaru suna tsaron mutumin nan, ƙafarsa kawai suka sani, ita ma a cikin sambatse.

Hayaniya ta fito da Waziri. Ya tsaya ya dubi Nomau, ya daɗe yana dubansa, kuma ya gane shi sarai. Sannan ya ce a hankali, “Ku ba bawan Allah fura, ku raka shi bayan gari. Sarki yana ciki yana hutawa.” Kafin la'asar ya sa wa wani bebe rawani da amawali ya zaunar a karaga, ya kulle ƙofar cikin gida inda matan sarki suke, wanzamin sarki kuma, da yake ya san fuskarsa, aka aika shi inda ba a dawowa.

Nomau ya sake ratsa fadama da sarƙaƙiya, wannan karon ba doki ba takalmi, ya zube a gaban suri. Uwar Suri ta leƙo ta ce, “Ni ban ƙwace maka komai ba, kai ka kai da ƙafarka. Amma ƙasata ba ta jure a ƙaryata ta a gaban idonta. Nemo waɗanda za su tsaya a gabanta su rantse sun san fuskar sarki, kuma ba wannan ba ce. Sai dai su zama sun sani da gaske.”

Ya shiga duniya neman wanda ya san shi. Abokan yaƙinsa na farko duk sun mutu, ɗaya da ya rage ya makance. Ya bi garuruwa yana yi wa mutane dako don ya ci, kuma ko'ina ya shiga sai ya tuɓe wa hoton nan takalmin da ba shi da shi. Ya ga yadda ake kwashe hatsin mutane da sunan bango, ana kama 'ya'yansu da sunan bango, in sun yi kuka a ce su je su gaya wa bango. Har ya kai ya daina cewa shi ne sarki, don ya gaji da jifa.

A haka ya faɗa wani gari da ake kira Gwarjo, can gefen ƙasar, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya tsaya a ƙofar wata mata mai ginin tukwane, sunanta Yalwa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Ya yi sallama ya roƙi ruwa. Ta ɗebo a moɗa ta miƙo, sai hannunta ya tsaya. Ta dubi kunnen, ta dubi zanzanar. Ta ajiye moɗar a ƙasa maimakon ta ba shi a hannu.

Ta ce, “Sha. Ba a hana ko kare ruwa. In ka gama ka bar mini ƙofar gida, Nomau.”

Rabonsa da ya ji sunansa a bakin mutum har ya manta. Ya zauna daɓas. Ya ce, “Baiwar Allah, a ina kika san ni?”

“A ina na san ka? Ranar da ka ci garin nan rawaninka ya warware a bakin rumbunanmu, kana ihu a sa wuta. Ina tsaye da goyo, kusa da kai kamar nan da turmin can. Mijina ya shiga ya ciro dawa, bai fito ba. Goyon kuma yunwar shekarar ta tafi da shi. Kullum na rufe ido kai nake gani, ba wancan kyakkyawan na bakin ƙofa ba.”

Nomau ya sunkuyar da kai, sannan ya gaya mata duk abin da ya faru, da abin da aljana ta ce. Yalwa ta ci gaba da murza tukunyarta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, “Kada ka ɗauka tausayinka nake ji. Alhakinmu ne yake bin ka, kuma bai gama ba. Amma kai mutum ne, ana iya zaginka ka ji, ana iya yi maka kuka wata rana ka ji kunya, kuma za ka mutu. Wancan abin ba ya ji, ba ya kunya, ba ya mutuwa. Tashi ka wanke ƙafarka, kana wari.”

Ita ta bi gida gida, ta aika garuruwan maƙwabta. Ashe masu sanin fuskar Nomau suna da yawa, sai dai duk a cikin waɗanda ya ci da yaƙi suke, domin a fagen fama amawali ba ya zama. Suka taru, tsofaffi da guragu da gwauraye, suka sa shi a tsakiya suka nufi Tankarau. Ba wanda ya yi masa magana a hanya, amma in an dafa abinci akan tura masa nasa.

Suka iso ƙofar fada rana tana tsaka, gari ya taru. Waziri ya fito ya ce a kore su, amma dogarai suka yi turus, don ba su taɓa ganin mutanen da suka tsaya a gaban bangon da takalmansu ba. Yalwa ta matsa gaba. Ta nuna bango ta ce, “Na rantse da Wanda ya halicce ni, wannan ba shi ya ƙone rumbunan Gwarjo ba.” Ta juya ta nuna Nomau. “Wannan ne.”

Nomau ya ɗaga kai, a gaban talakawansa, fuska a buɗe, ya ce da ƙarfi, “Ni ne.”

Sai aka ji ƙas, hancin makiyayi ya faɗo ƙasa.

Wani tsoho ya ɗaga dungulmin hannunsa ya ce ga wanda ya sare shi a mashigin kogi. Nomau ya ce shi ne. Gemun limami ya zube. Wata ta ce ga wanda ya cike rijiyarsu da duwatsu, wani ya ce ga wanda ya tafi da 'yan'uwansa a ɗaure. Kowanne Nomau ya amsa, muryarsa tana dusashewa, hawaye yana bin ramukan fuskarsa, bangon kuma yana ta zubowa, zaki da sarakunan dā da 'yan mutanen nan masu murmushi, har ya zama tsibin jar ƙasa, gara ta fito ta fara kwashe kayanta. A ranar duk bangayen sauran garuruwa suka zube. Da Nomau ya juyo ya dubi dogarai, ba wanda ya gaya musu, sandunansu suka faɗi, suka zube suna “Allah ya huci zuciyar Zaki.” Aka nemi Waziri Dambo, aka tarar ya hau alfadari ya yi arewa. Sarki ya ce a bar shi, shi ba shi da ƙarfin bin kowa. Beben da aka sa wa rawani kuwa, da aka kwance masa sai ya yi ajiyar zuciya, ashe shi ma ya gaji.

Sarki Nomau ya koma karagarsa, ya buɗe cikin gida, ya saki waɗanda aka kama, ya hana a sake ja masa amawali. Ya tura Cindo da maginansa duka su bi garuruwa su sake gina rumbunan da aka ƙone, da ƙasa irin ta kowa. Ba a daina tawaye ɗungum ba, kada in yi muku ƙarya, amma yanzu kafin gari ya tashi sai dattawansa su zo su zazzaga wa sarki magana ido da ido, sau da yawa kuma a nan abin yake mutuwa.

Bayan an kwana biyu ya aika Gwarjo neman auren Yalwa, da raƙuma da lefe niƙi-niƙi. Ta mayar da kayan. Ta ce a gaya masa ta ba shi ruwa, ta ba shi shaida, abin da ya rage a wurinta ba nasa ba ne. Ashe tun da Cindo ya zo ginin rumbuna suke zama suna gardama a kan wace ƙasa ta fi kyau da kwaɓi, shi ma kuwa matarsa ta daɗe da rasuwa, har magana ta kai su ga aure. Da labari ya kai fada, sarki ya ce shi ne waliyyin ango.

Aka ɗaura aure a Gwarjo, a gindin wata tsamiya, aka yi kiɗa aka ci tuwo da miyar taushe. Sarki ya zo da 'yan rakiya kaɗan, ya zauna a tabarma cikin dattawa, waɗansu suka gaishe shi, waɗansu suka kau da kai, ya karɓi duka biyun. Da ya ci ya ƙoshi, iska ta kaɗa, sai ya jingina da tsamiyar, barci ya kwashe shi, baki buɗe, har da minshari. Dogarai suka rasa yadda za su yi, wani ya ciro mayafi zai rufe shi don mutane suna kallo.

Amarya ta hango daga inda take zaune cikin mata. Ta ce, “Kai, bar shi haka. Tsoho ne, ya gaji. In kana son ka yi aiki, kore masa ƙuda.”

Dogarin ya durƙusa ya shiga yi masa fifita, makaɗa suka sassauta hannu, biki ya ci gaba a hankali har rana ta yi sanyi. Nan labarin Sarki Nomau ya tsaya, Allah ya ba mu hutu irin na wanda ya sauke kaya.